Shekarar Da Ba Ta Da Uba: A Ɗaure IT Da Karatu, A Biya Ɗan Koyo

Duk inda ɗaliban kwalejin fasaha suka taru, ko a zauren majalisar ɗalibai ko a gindin bishiya ana jiran malami, in dai hira ta yi nisa sai ta faɗa kan zance ɗaya: HND da digiri. Yaushe za a daina ajiye mu a baya wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma? Kuka ne na gaskiya, kuma da ni ake yin sa. A 2021 majalisar dokoki ta ƙasa ta amince da ƙudurin soke bambancin, amma har Shugaba Buhari ya sauka a 2023 bai sa masa hannu ba. Maganar mayar da Kadpoly jami'a kuwa tun zamanin mulkin Obasanjo ake yin ta. Waɗanda suka ji ta suna ND1, yau wasunsu 'ya'yansu ne ke shirin rubuta JAMB.

To, a ci gaba da wannan fafutika, ba wanda ya ce a daina. Sai dai mabuɗinta yana Abuja. Abin da nake so mu duba yau, mabuɗinsa yana nan cikin Kaduna, wato shekarar nan guda da ake tura mu IT tsakanin ND da HND. Ra'ayina shi ne, da za a ɗauki wannan shekara a yi mata uba, a rubuta abin da za a koya a cikinta, a sa mai koyarwa, a biya ɗan koyo, a kuma gwada shi a ƙarshe, da mun samu abin da ƙasashen da suka ci gaba ke kira karatun digiri a bakin aiki. Zan yi magana ne a kan fannina, injiniyancin ilektironik, amma 'yan sauran sassa za su ga kansu a ciki.

Mu yi lissafi. Daga ranar da ka shigo ND1 zuwa ranar da ka gama HND2 shekara biyar ce, wata 60 ke nan. A ciki akwai wata huɗu na SIWES bayan ND1, da wata 12 na IT bayan ND2. In ka haɗa, wata 16. Fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na zamanmu an ware shi ne domin mu kasance a wurin aiki. Ɗalibin jami'a da muke ta hange ba shi da wannan rabon. Shi ne babban jarin da tsarin kwalejin fasaha ya ba mu, kuma shi ne muka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Gara ma SIWES, tana da littafin da ake cikewa, da malamin da aka ɗora wa duba ɗalibi, da makin da ake bayarwa. Ita kuwa shekarar IT, a yadda tsarin yake a faɗin ƙasar nan, da ka gama ND ka fita daga hannun makaranta, ba ka kuma shiga hannun kowa ba. Abin da za a nema ranar da ka dawo neman HND takarda ce mai ɗauke da hatimi. Shi ya sa kowa ya san labarin: wani ya samu wurin kirki ya dawo hannunsa ya faɗa, wani ya shekara yana sayo wa oga abinci da kati, wani ya hau Keke yana neman na kansa, da lokaci ya yi ya samo takardar a wurin wani kawunsa. Duk su ukun za su zauna aji ɗaya a HND1, kuma a idon tsari daidai suke. Ko a 2024 da hukumar NYSC ta fara neman shaidar IT daga masu HND, takardar ta tambaya. Ba wanda ya tambayi abin da aka koya.

Yadda wasu suka ɗaure aiki da karatu

A Ingila an fara wannan tsari a 2015. Kamfani ne ke ɗaukar matashi aiki, da albashi da hutu kamar kowane ma'aikaci, sannan ya haɗa shi da jami'a. Yawancin mako yana bakin aiki, kusan kwana ɗaya cikin biyar kuma na karatu ne. Bayan shekara uku zuwa shida sai ya fito da cikakken digiri, bai biya kuɗin makaranta ba, ga shi ya riga ya zama ɗan gida a kamfanin. Kuɗin daga ina? Tun watan Afrilun 2017, duk kamfanin da albashin da yake biya a shekara ya haura fam miliyan 3 yana zuba rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin a wani asusu, daga nan ake biyan horon.

Jamus ta riga su da nisa. A farkon shekarun 1970 wasu manyan kamfanonin birnin Stuttgart, ciki har da Bosch da Daimler-Benz, suka ga suna buƙatar matasan da suka san littafi suka kuma san inji. A 1974 aka buɗe makarantun farko na wannan tsari: wata uku a aji, wata uku a masana'anta, haka har a gama, kuma kamfani na biyan ɗalibi duk wata, ko yana aji ko yana bakin aiki. Abin da ya kamata mu lura da shi a nan, sai a 2009 aka ba waɗannan makarantu matsayin jami'a. Shekara 35 suna aiki kafin suna ya biyo baya. Kafin nan masu ɗaukar aiki sun riga sun san darajar waɗanda suka fito daga cikinsu.

Kada wani ya ce ai wannan harkar Turawa ce. Asusun da Ingila ta kafa a 2017, mu muna da irinsa tun 1971, wato ITF mai hedikwata a Jos, ita ce ma ta ƙirƙiro SIWES a 1973. Doka ta ɗora wa kamfanonin da suka kai wani mataki su ba ta kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da suke biya a shekara, kuma wanda ya horar da ma'aikatansa yana iya neman a mayar masa da wani ɓangare. Hukumar da ke tsara manhajar kwalejojin fasaha kuwa, NBTE, hedikwatarta tana nan garin, a kan Titin Bida. Asusu akwai, hukuma akwai, watanni 16 akwai. Igiyar da za ta ɗaure su wuri ɗaya ce babu.

Me ya sa ilektironik ba ya koyuwa a allo kawai

Kowane ɗan ND ya haddace cewa tsakanin layin wuta ɗaya da nutural akwai bolt 230, tsakanin layi biyu kuma wajen bolt 400. Ana kawo shi a jarrabawa, muna ci. Amma ranar da aka ce wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone talabijin da firji a layi guda, mu nawa ne za su ce a je a duba nutural tukuna? In wayar nutural ta tsinke a taransifoma ko a kan falwaya, gidajen da ke kan layuka daban-daban sai su koma suna raba bolt 400 ɗin a tsakaninsu, kuma gidan da ba shi da kaya masu jan wuta da yawa shi zai kwashi kaso mafi girma. Ilimin yana cikin littafinmu tsaf. Sai dai wanda bai taɓa tsayawa da mita a hannu a gaban allon rarraba wuta ba, da wuya ƙwaƙwalwarsa ta haɗa lissafin da ƙaurin da yake ji.

Ga wani misalin. A masana'antu, na'urorin auna zafi ko matsi ko cikar tanki galibi suna aika saƙonsu ne da ƙarfin wuta tsakanin miliyamf 4 zuwa 20. Me ya sa ba a fara daga sifili ba? Saboda in tanki ba komai, na'ura za ta nuna 4. In kuwa aka ga sifili, to waya ce ta tsinke ko na'urar ta mutu. Dabara ce ta raba "babu komai" da "babu labari". Ana iya faɗin wannan a aji cikin minti biyu a manta da shi kafin a fita. Wanda injin cika kwalba ya tsaya a gabansa, manaja na tsaye a kansa yana duba agogo, shi ba zai ƙara mantawa ba har abada.

Ni a wani ƙaramin kamfanin sola da inbata na yi tawa shekarar, can wajen Barnawa. Wanda aka haɗa ni da shi dattijo ne da bai wuce sakandare ba, amma kafin a kwance inbata yakan gane ciwonta daga ƙara da wari. A wurinsa na ga yadda ƙurar hunturu ke toshe fanka har zafi ya kumbura kafasita, da dalilin da ya sa ba a kai hannu cikin inji da an kashe shi, domin manyan kafasita na riƙe wuta bayan an cire soket. Shi kuma akwai abin da ya samu a wurina. Ya san inbata mai batir ɗin bolt 12 tana son waya mai kauri, domin ya sha ganin siririya ta narke, amma kaurin da ido yake kintata. Da muka zauna da biro na nuna masa cewa kayan wat 1,000 a kan bolt 12 suna jan sama da amf 80, a kan bolt 48 kuma wajen amf 21 kacal, sai ya ce, "Yaro, ashe abin da lissafinsa." Daga ranar, in za a yanko waya sai ya ce in buga masa tukuna.

Abin da nake nufi ke nan. Yaron shago da ba shi da ilimin aji yana canza kaya ɗaya bayan ɗaya har Allah ya sa a dace, kuma ranar da aka kawo sabon samfuri ya koma farko. Ɗan aji da bai taɓa riƙe ƙarfen dalma ba yana iya zana da'ira mai kyau a takarda, a ba shi allon da ya ƙone ya tsaya yana kallo. Injiniyan da ake nema shi ne wanda abubuwan biyu suka haɗu a kansa, kuma sun fi haɗuwa in ana yin su a mako guda. Abin da ka gani a bakin aiki ranar Talata, ka kawo shi aji ranar Juma'a ka tambaya. Tsarinmu na yanzu ya raba su: shekara biyu allo, shekara guda ko oho, shekara biyu allo.

Ina wuraren aikin? Mu ƙetara gada

Na san tambayar da ke bakin kowa: wane kamfani? Ai masana'antun sun mutu. Gaskiya ne an yi babban rashi. Duk wanda ya taso a Kakuri ko Makera ko Nasarawa ya ji labarin lokacin da jiniyar masaƙu ke tada unguwa. An buɗe masaƙar KTL a 1957, shekara guda bayan kafa makarantar koyon fasaha ta Kaduna a 1956, wadda ita ce ta zama Kadpoly a 1968. Kusan tare aka haife su, ɗaya tana yaye masu fasaha, ɗaya tana jiran su. Sai Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960. Kamfanin ƙera makamai na DICON ya zo a 1964, Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, matatar mai ta fara aiki a 1980. KTL ta rufe a 2002, sauran masaƙun ma suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya bi ta Kakuri yau zai ga dogayen katangu da ciyawa ta cinye.

Amma in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Aikin ilektironik bai mutu tare da masaƙu ba, warwatsuwa ya yi. Ka ƙetara gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello, ka miƙe Titin Kachia ta Barnawa da Television har Sabon Tasha, ka riƙa ƙirga: turakun sadarwa, kowanne da batura da janareta da na'urar sarrafa su, rufin gidaje da shaguna da asibitoci cike da faifan sola, rijiyoyin burtsatse masu famfon sola, mitocin wuta na kati, injinan cire kuɗi, kyamarorin tsaro, na'urorin ɗaukar hoto da gwajin jini a asibitoci. Kowanne yana lalacewa, kuma wani ne ke gyara shi. Manyan ma ba su ƙare ba. DICON na nan a Kakuri, akwai masana'antun abin sha da na fulawa a Kakuri da Kudenda, kamfanin Olam ya buɗe masana'antar abincin kaji a ƙaramar hukumar Chikun a 2017, kuma a 2022 an fara harhaɗa Peugeot a sabuwar masana'antar Dangote da ke kan hanyar Abuja. Irin waɗannan wurare injinansu da ƙananan kwamfutocin sarrafa inji suke tafiya, kuma a nan ne ɗan HND ya kamata ya goge.

Ba sai mun jira kamfani mai ɗaukar mutum dubu ba. Kamfani 30 da kowanne zai riƙe ɗalibi biyu tsakani da Allah sun fi mana kamfani ɗaya da zai karɓi 60 ya jera su a benci. Kuma an taɓa gwada irin wannan haɗin a garin nan. Lokacin da Farfesa Idris Bugaje ke shugabantar Kadpoly, kafin ya koma NBTE a 2021, an ƙulla alaƙa da masu sana'ar kasuwar Panteka domin a tantance ƙwarewarsu a ba su takardar shaida ta ƙasa. Wannan ya nuna ana iya auna abin da mutum ya iya da hannunsa a rubuta shi a takarda. In an yi wa maƙeri da mai walda, me zai hana a yi wa ɗalibin da ya shekara a bakin aiki?

Masu ja da maganar, da abin da suka faɗa daidai

Akwai masu cewa wannan hanya ce ta ba kamfanoni 'yan ƙwadago masu araha. Tsoro ne mai tushe. Sai dai a duba, yanzu ma abin da ke faruwa ke nan, har gara araha, yawancinmu kyauta muke yi. Alawus ɗin SIWES an daɗe yana kan naira 2,500 a wata, kuɗin da ba zai kai ka Sabon Tasha ka dawo ba na mako guda. Na shekarar IT kuwa babu shi a tsari sam, sai abin da oga ya ga dama. Rashin rubutacciyar yarjejeniya shi ke ba da damar cin gumin ɗalibi. Ko a gargajiyance, maigidan da ya karɓi yaro koyon sana'a ya san akwai haƙƙi a kansa: ya ciyar da shi, ya koya masa, ya yaye shi a gaban shaidu. Mu ko wannan ba mu samu ba.

Wasu malamai kuma suna cewa wanda ya koyi aiki a kamfani ɗaya, injin kamfanin kawai zai sani. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne dalilin da ya sa ba za a bar wa kamfani ragamar shi kaɗai ba. Makaranta ce za ta riƙe tushe, wato lissafi da ka'idojin da'ira da na sarrafa inji, waɗanda ba sa tsufa ko samfuri ya canza. Ita ce kuma za ta ce ga jerin abubuwan da dole ɗalibi ya taɓa. In wurin aikinsa ba shi da wani daga ciki, sai a yi musaya da wani kamfanin na 'yan makonni.

Abin da ya fi damuna shi ne wa zai samu gurbi. A yau neman wurin IT harkar wa ka sani ce. Ɗan wani yana samun wuri mai sanyi da alawus, ɗan talakan da ya fi shi maki yana yawo da takarda ofis-ofis har takalminsa ya cinye. In aka ƙara wa shekarar daraja aka bar rabon gurbi a haka, an ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne kawai. A Kaduna kuma abin yana da wata fuska da ba ma son faɗa. Tun rikice-rikicen 2000 da 2002 kogin nan ya zama kamar iyaka, kowa ya koma ɓangaren da yake ganin nasa ne. Sanayya ma ta bi wannan layin. Akwai ɗalibin da ke Rigasa ko Tudun Wada da bai san kowa a ƙetare ba, iyayensa ma ba za su so ya je shi kaɗai ba, alhali yawancin masana'antun suna can. Akwai na Narayi ko Romi da shi ma haka yake ji game da wancan ɓangaren. 'Yan uwanmu mata kuwa nasu ya ninka, domin sau da yawa ko an karɓe su, teburin karɓar baƙi ake nuna musu, a ce aikin fita ba na mace ba ne. In makaranta ce ta tura ka da sunanta, da yarjejeniya, da malamin da zai leƙo, iyaye za su fi samun natsuwa, oga ma zai fi yin hattara. A masaƙun da, mutanen kowane ɓangare a kan inji ɗaya suke tsayawa. Ba abin da ke sa mutum ya saba da ɗan uwansa kamar su kwana suna neman inda waya ta tsinke.

Sai tarko na ƙarshe, wanda dole shugabanninmu su sa wa ido. A ƙasar nan, wanda ya haɗa aiki da karatu ana lissafa shi ɗan karatun wucin gadi ne, kuma irinsu ba a tura su bautar ƙasa, takardar cirewa ake ba su. Duk tsarin da za a kawo, tilas a rubuta tun farko cewa cikakken karatu ne. In ba haka ba, an gudu ne ba a tsira ba.

Abin da ya kamata mu nema

Na farko, yarjejeniya a rubuce tsakanin ɗalibi da makaranta da wurin aiki, a sa hannu kafin a fara. A ciki a jera abin da za a koya a fili: karanta zanen da'ira, aiki da mita da osiloskof, liƙi da dalma, gano matsala mataki-mataki, ka'idojin kare kai daga wuta, da rubuta rahoton gyara.

Na biyu, mutum guda mai suna a wurin aikin, wanda aka ce ga ɗalibinka. Ko ba shi da digiri, in dai ya iya aikin, a ba shi wannan girman a rubuce.

Na uku, ga waɗanda ke IT a cikin gari, kwana ɗaya a mako ko biyu a wata su dawo makaranta. Su kawo matsalolin da suka gani, malami ya ɗora su a kan ka'ida. Ɗalibi ya ci gaba da riƙe katin shaidarsa, da izinin shiga laburare da ɗakin gwaje-gwaje.

Na huɗu, gwaji da hannu a ƙarshen shekara. A ajiye maka na'urar da aka saka wa matsala da gangan, ka gano ta, ka gyara, ka yi bayani a gaban malami da wani daga masana'anta. Makin ya shiga lissafin ɗaukar HND. Ranar da aka fara wannan, kasuwar takardar kawu ta mutu.

Na biyar, alawus mafi ƙanƙanta da aka amince da shi, wanda aƙalla zai ɗauki kuɗin mota da abincin rana. A zauna da ITF a ga yadda kamfanin da ya riƙe ɗalibi da gaske zai ci moriyar kuɗin da yake zubawa.

Na shida, a kafe guraben a allon sashe kowa ya gani, a raba su bisa maki da gwaji, kuma a tabbatar mata sun samu aikin hannu kamar kowa.

In waɗannan suka zauna, sai a nemi NBTE ta amince a gwada mataki na gaba da ɗalibai kaɗan, ko 20 ne: HND da za a yi ta rabi a aji rabi a wurin aiki, furojet ɗin ƙarshe kuma ya zama wata matsala ta gaske da kamfanin ke fama da ita. Ya fi mana a ce kowace shekara ana ƙera na'ura iri ɗaya, a ba da maki, a jefa ta sito ƙura ta rufe.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar izinin kowa. Ƙungiyar ɗalibai da ƙungiyoyin sassa su buɗe rajista. Duk ɗan HND1 ya rubuta inda ya yi IT, me ya taɓa da hannunsa, an biya shi ko ba a biya ba, zai tura ƙaninsa can ko ba zai tura ba. Cikin zango ɗaya za mu san wuraren kirki da na ɓata lokaci, 'yan ND2 su daina tafiya a makance. Kuma ranar da shugabanninmu za su zauna da hukumar makaranta ko su je Titin Bida, da hujja a hannu za su je. Kuɗin da za a kashe bai kai na kanofi da kujerun bikin makon ɗalibai ba. Masu neman ƙuri'unmu a zaɓe mai zuwa, ga tambaya nan, ku zo da amsa.

Ku kuma 'yan ND2, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ku jira sai an kafe sakamako sannan ku fara neman wuri. Tun yanzu ku zauna ku rubuta abu goma da kuke so hannunku ya iya kafin shekarar ta ƙare, ku je da takardar wurin wanda zai karɓe ku, ku tambaye shi nawa zai iya koya muku a ciki. In ƙaramin shago ne a Television da zai ba ku bakwai, ya fi babban ofis mai sanyi da zai ba ku kujera. Sunan takardarmu yana iya canzawa bana, yana iya kaiwa wasu shekara 20. Amma ranar da aka ajiye maka inji a gaba aka ce ya ƙi tashi, ba HND ba digiri, daga kai sai mitarka.